Ciwon Haƙori: Wanne Ake Jira, Wanne Ba A Jira?

Tun ranar da aka ji a gida cewa mun samu gurbin karatun likitan haƙori, muka daina samun gaisuwa irin ta kowa. Duk wanda muka haɗu da shi lokacin hutu, kafin ya gama cewa "ya karatu?" ya riga ya wangale baki yana nuna mana wani lungu da yatsa. Gwaggo tana so a duba mata turmin da ke zuga in ta sha ruwan randa. Ƙanin abokinmu yana so ya ji ko za a iya mayar masa da ɓallin haƙorin da ya baro a filin ƙwallo. Wata 'yar aji biyar kuma ta ja mu gefe tana tambayar yadda nata za su yi fari kamar na 'yan fim. Mukan gaya musu cewa aji uku muke, a kan haƙoran roba muke koyon aiki tukuna, amma ba mai saurara.

Da muka koma makaranta muka kwatanta labari da 'yan ajinmu, na Katsina da na Gusau da na Azare, sai muka ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne. In kuma aka tace su, yawancinsu tambaya ɗaya ce ake sauya wa riga: "Zan iya jira?" A jira sai an gama jarrabawa, sai Baba ya ɗauki albashi, sai bayan Sallah, ko dai a jira kawai a ga ko zai daina da kansa.

Ba tambayar banza ba ce, ƙannenmu, domin jikinmu ya saba mana da cewa jira ma magani ne. Ka yanke da reza, bayan mako guda fata ta haɗe. Ka karye, a ɗaure, bayan 'yan makonni ƙashi ya kama. Mura takan gaji ta tafi. Haƙori ne ya fita daban. Farin ɓawon da ya lulluɓe shi, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi ma. Sai dai babu jini a cikinsa, babu ƙwayoyin halitta masu rai da za su yi masa gyara. In rami ya buɗe a jikinsa ba ya cikewa, sai dai ya ƙara zurfi. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe da bai kai shi tauri ba, can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Duk labarin ciwon haƙori labarin tafiya ce daga ɓawo zuwa wannan ɗaki.

Kuma ku da ke sakandare kun riga kun cinye damarku ta canji. Haƙoran nono 20 ne, sun zube lokacin famfara. Na dindindin 32 ne, yawancinku kuna da 28 yanzu, sauran huɗun na can ƙurya sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Akwai ma turmi huɗu da suka fito muku tun kuna wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da komai ya faɗi ba. Iyaye da yawa kan ɗauka su ma na nono ne, in sun fara ruɓewa a ce "ƙyale shi, ai zai fita wani ya fito." Ba wanda zai fito. Shi ya sa wannan turmi yana cikin haƙoran da aka fi cirewa a bakin matasa.

Tambayar da ta fi ba mu dariya, kuma ta fi yawa, ita ce ta tsutsa. Wasunku sun taɓa ganin mai magani a kasuwa ya turara wa mutum hayaƙi a baki, sannan ya nuna wasu fararen abubuwa a cikin kwano ya ce ga su nan sun fito. Ba mu kaɗai muka yarda da wannan ba. Mutanen da a ƙasashe da dama sun yi shekaru dubbai a kansa, har sai da masana irin su Pierre Fauchard, wani likita Bafaranshe da ya wallafa littafinsa kan haƙora a 1728, suka fara ƙaryata shi. Babu tsutsa a haƙori. Abin da ke akwai shi ne ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, suna zaune cikin wannan datti mai yauƙi da kake ji da harshe in ka tashi barci. Abincinsu sukari. In sun ci sai su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga wani abu da ya ba mu mamaki a aji: yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawan sukarin kansa ɓarna. Duk sanda ka sa wani abu mai zaƙi a baki, asid yakan yi kamar minti 20 zuwa 30 yana aiki kafin yawu ya wanke shi. Wanda ya cinye alewa biyar a zama ɗaya bayan cin abinci, farmaki ɗaya aka kai wa haƙoransa. Wadda kuwa ta jera su, ɗaya a darasin lissafi, ɗaya a na Turanci, tuwon madara lokacin tara, gullisuwa a hanyar gida, zoɓo mai sanyi da la'asar, ta sa bakinta ya wuni cikin asid. Mafi muni shi ne na dare, domin yawu yakan ragu sosai in mutum ya yi barci. Shayi mai kauri da burodi da ƙarfe goma, a kwanta ba a goge baki ba, babu gatan da ya fi wannan a wurin bakteriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kamar ƙaramin cokali 12, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana ɗauke da kusan 9. Rahoton da hukumar ta fitar a 2022 ya ce kimanin mutum biliyan 2 a duniya ke yawo da ruɓaɓɓen haƙorin dindindin da ba a yi wa magani ba.

To yaya ciwon ke tafiya? Da farko ba ya ciwo ko kaɗan. Wani ɗan fari-fari ne kamar alli a jikin haƙori, kuma a wannan mataki kaɗai ake iya mayar da hannun agogo baya, da man goge baki mai fuloraid da rage zaƙi. In rami ya buɗe, sai a fara jin tsami in an sha ruwan sanyi ko an ci zaƙi, na 'yan daƙiƙu, ya wuce. A nan ciko kawai ake buƙata, aikin zama ɗaya. In aka bari ya kusanci jijiya, ciwon yakan zo ba gayyata, ya fi tsanani da dare, ya harba zuwa kunne da rabin kai. Wanda ya taɓa kwana yana zagaye tsakar gida riƙe da kunci ya san abin da muke nufi.

Sannan sai wata rana ciwon ya ɗauke ɗif. A nan ne mutane da yawa ke yin hamdala, su yaba wa maganin da suka sa na ƙarshe. Alhali sau da yawa abin da ya faru shi ne jijiyar ta mutu. Mai kai ƙara ne ya mutu, ɓarawo yana nan cikin gida. Bakteriya sukan ci gaba da gangarawa ta cikin saiwa har su kai ƙashin muƙamuƙi, su tara mugunya. Bayan makonni ko watanni sai a wayi gari kunci ya kumbura, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fashewa yana dawowa. Don haka in aka tambaye mu wane ciwon haƙori ya fi ba mu tsoro, mukan ce wanda ya yi tsanani sannan ya daina da kansa.

Magungunan gida kuwa, ba duka muke yi wa kallo ɗaya ba. Kanumfari yana da wani mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, har likitocin haƙori suna amfani da sinadarinsa a wasu kayan aikinsu. Kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri ma yana da kyau. Farasitamol, in an sha bisa ƙa'ida, zai kai mutum safiya. Amma duk waɗannan rarrashi ne, ba sa cike rami. Waɗanda muke roƙonku ku guje wa su ne danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, domin tana ƙone naman wurin, da ɗiga fetur ko ruwan batir, da cusa garin taba a ramin. Haka nan sayen amoksilin da filajil a kemis duk lokacin da ciwo ya motsa. Sukan saukar da kumburi na ɗan lokaci, amma jini ba ya shiga cikin mataccen haƙori, don haka maganin ba ya isa inda cutar take zaune. Za ta dawo. Ko dai likita ya cire matacciyar jijiyar ya wanke cikin saiwar ya cike, ko ya cire haƙorin.

Akwai kuma lokacin da ko safiya ba a jira. In kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura har ido ya fara rufewa, in ga zazzaɓi, in baki ya ƙi buɗuwa, musamman in haɗiyar yawu ko numfashi ya fara wahala, to a nufi sashen gaggawa na asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne. Irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi, kuma yana kisa. Ku 'yan makarantar kwana, kada ku ce kuna jin nauyin tashin metiron ko malamin da ke kula da ɗakinku. Ku buga ƙofa.

Gaggawa ta biyu ita ce wadda muka fi so kowane ɗalibi ya haddace, domin a gabanku ta fi faruwa: a filin ƙwallo, a kan keke, a faɗuwar babur, ko a wasan banza a bakin famfo. Haƙorin gaba ya fita gaba ɗaya har saiwarsa, yana kwance a ƙasa. Yawancin mutane sukan tsaya kan jinin, su manta da haƙorin, ko su naɗe shi a takarda don a nuna a gida. Kaɗan ne suka san ana iya mayar da shi ya kama ya ci gaba da aiki.

Sirrin yana jikin saiwar. Akwai wasu siraran zaruruwa masu rai da ke ɗaure haƙori da ƙashi, kuma in haƙorin ya fita wasunsu sukan biyo shi. Muddin suna da rai, haƙorin zai iya sake kamawa. Bushewa ce ke kashe su, kuma in ya yi kamar awa guda a bushe, yawancinsu sun mutu. Saboda haka a ɗauko shi ta kansa, wato farin ɓangaren da ake gani in an yi dariya, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa, a ɗauraye shi na 'yan daƙiƙu da madara ko ruwa mai tsabta, ban da sabulu, ban da kankara, ban da gogewa da riga. In mai shi yana cikin hayyacinsa, a mayar da haƙorin raminsa nan take, gabansa yana kallon gaba kamar ɗan uwansa na kusa, a danna a hankali, ya ciza hankici mai tsabta ya riƙe. Da zafi, amma bai kai yadda ake zato ba.

In an kasa mayarwa, a tsoma shi a madara marar sukari, ba nono mai tsami ba. In babu, ruwan ORS da ake haɗa wa mai gudawa zai yi, ko mai haƙorin ya tofa yawunsa a ƙaramin kofi a saka a ciki. Kada a jiƙa shi a ruwan famfo ko fiyawata, domin zama cikin ruwa zalla yana fasa waɗannan ƙwayoyin halitta. Daga nan sai asibitin haƙori kai tsaye, ba sai an tashi daga makaranta ba. Likita zai ɗaure shi da na kusa da shi da siririyar waya na kamar mako biyu, ya duba batun allurar titanus, galibi kuma daga baya a yi aikin jijiyar. Abu ɗaya: wannan na haƙorin dindindin ne. In na ƙaninku ɗan shekara huɗu ne ya fita, kada a mayar, domin ana iya raunata sabon da ke kwance a ƙarƙashi. In kuwa ɓallewa haƙori ya yi, a nemi ɓallin a sa a madara a tafi da shi, wani lokaci ana iya manna shi.

Sai tambayar da mukan sha harara a kanta: "Lafiyata ƙalau, me zan je yi wurin likitan haƙori?" Amsar tana cikin abin da muka faɗa a baya, cewa matakin da gyara ya fi sauƙi shi ne matakin da babu ciwo. An saba cewa a je duk wata shida. Likita na iya ragewa ko ya ƙara gwargwadon yanayin bakin mutum, amma a shekarunku bai kamata shekara ta zagayo ba a duba ba. Kuma ba abin tsoro ake yi ba. Kujera ce mai kwanciya, da fitila, da ɗan madubi a kan sanda. Zai duba haƙora ɗaya bayan ɗaya, da dasashi da harshe, wani lokaci a ɗauki hoto don ganin tsakanin haƙora. In akwai dattin da ya daskare ya zama kamar dutse, wanda buroshi ba ya iya cirewa, sai a yi wankin haƙori da na'ura.

Wankin nan ya sha ƙazafi. Ana cewa yana sa haƙora girgiɗi, yana buɗe tsakaninsu. Abin da ke faruwa shi ne dattin ya daɗe yana cin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, shi kuma ya toshe gurbin da ya ci. In aka cire shi sai ɓarnar ta bayyana, a ɗora wa mai wanki laifi. Haka zancen cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido: jijiyar gani daban, ta haƙori daban.

Mun san batun kuɗi ne ke hana da yawa zuwa, kuma ba za mu ce kyauta ake yi ba. Mun kuma san dalilin da ya sa mutum kan zauna a kujera ya ce "likita cire kawai": a ranar, cirewa ta fi aikin jijiya araha nesa ba kusa ba. Sai dai giɓi ma yana da nasa kuɗin da ake biya a hankali. Haƙoran gefe sukan karkato cikinsa, na sama ya zazzago tunda ba abin da ke tare shi, tauna ta koma gefe ɗaya. Ɗan ciko tun rami yana ƙarami ya fi duk waɗannan sauƙi. Asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri duk suna da sashen haƙori, haka ma manyan asibitocin jiha da dama. Wanda iyayensa ke da inshorar lafiya ya tambaya a duba abin da katin ya ƙunsa. In kun je, ku faɗa wa likita tun kafin ya fara in kuna da sikila, ko ciwon zuciya, ko jininku yana daɗewa bai tsaya ba, ko akwai maganin da jikinku ba ya so.

Aswaki ko buroshi? Mu dai ba mu ga dalilin faɗa a tsakaninsu ba. Aswaki sunna ne, kuma yana cire datti sosai a hannun wanda ya iya, ba wanda ke yawo da shi a gefen baki kamar ado ba. Inda ya gaza shi ne bayan turame na ƙurya, da kuma fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Don haka a yi aswaki da rana, a yi buroshi mai laushi safe da dare, minti biyu, na dare ya zama shi ne abu na ƙarshe da ya shiga baki. Ku juya bayan kwalin man ku duba, ya kamata ku ga lamba tsakanin 1,000 da 1,500 ppm. In kun gama ku tofar da kumfar kawai, kada ku bi da kurkura, don sinadarin ya kwana a jikin haƙoran. Buroshi in ya yi wata uku, ko gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, ya gama aiki.

Ga 'yar aji biyar mai neman fari da ire-irenta: haƙori mai lafiya ba fari fat ba ne, yana da ɗan ruwan ƙwai. Gawayi da toka da lemon tsami da hoda-hodar da ake tallatawa a TikTok sukan kankare ɓawon ne, in ya yi siriri kuma sai launin sashen ciki ya ƙara fitowa, ga tsami. Haka masu zuwa a fafe musu wushirya, da masu sa wayar haƙori ta gayu a wurin wanda ba likita ba. Akwai kuma waɗanda haƙoransu ke da ɗigon fari ko ja-ja tun fitowarsu, ba don ƙazanta ba. Ruwan da suka sha suna ƙanana ne ke da fuloraid fiye da kima, kamar yadda aka sani a yankin Lantang na Jihar Filato da garin Tibiri kusa da Maraɗi a Nijar. Launin a cikin ɓawon yake, ko an shekara ana dirza ba zai fita ba, sai dai likita ya rufe shi. Masu tsokanarsu a aji su sani.

Dasashi mai jini in ana goge baki alama ce ta datti ya taru a gindin haƙora. Ba daina gogewa ake yi ba, a ci gaba a hankali, in ya wuce mako biyu bai daina ba a je a duba. A wurinku wannan ƙaramar matsala ce. A wurin ƙananan ƙannenku kuwa tana iya zama mafarin wata cuta da ake kira noma, ba noman gona ba. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ba sa samun isasshen abinci, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga gyambon dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta ci leɓe da hanci, kuma mafi yawan yaran da ba a kai asibiti ba ba sa rayuwa. Arewa maso yammacin Najeriya na cikin inda ta fi yawa. Akwai asibiti sukutum dominta a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023.

A farkonta, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita. A gidaje da yawa ku ne ke yi wa yaran nan wanka, ku ke goya su. In yaro ya tashi daga ƙyanda ko doguwar jinya, ku riƙa ɗaga leɓensa kuna leƙawa. In kun ga dasashi ya yi ja yana zubar da jini, baki yana wari sosai, yaro yana dalalar da yawu ya ƙi cin abinci, ko kunci ya fara kumbura, ku gaya wa Inna a kai shi asibiti mafi kusa a ranar.